Kullum sai in yi mafarki ya ɓace mini a cikin taro

Assalamu alaikum Anti. Wata 14 ke nan da Allah ya karɓi ran ɗana, yana da shekara uku da 'yan watanni. Zazzaɓi ne ya rufe shi da yamma, na ce bari mu ga safiya. Da muka kai shi asibiti bai cika kwana biyu ba. Tun bayan wata uku da rasuwarsa nake mafarki iri ɗaya, a mako sau biyu ko uku. Ina riƙe da hannunsa a cikin taron jama'a, sai kawai in duba in ga hannuna wayam. In hango ƙeyarsa can gaba cikin shuɗiyar rigarsa, in so in yi gudu ƙafa ta ƙi, in buɗe baki in kira shi murya ba ta fita. Kwanan nan kuma idan ya waiwayo sai in ga fuskar yayarsa ce, mai shekara shida. Na ba wata 'yar uwarmu labari, ta ce fushi yake yi da ni. Wani da aka ce ya iya fassara ya ce alama ce yarinyar ma za ta bi shi. Yau mako uku ban bar ta ta je makaranta ba, na ce wa babanta ba ta jin daɗi ne. Barci ma tsoronsa nake yi, sai in kai biyun dare a zaune, in na farka kuma sai na kai yatsa hancinta na ji tana numfashi. Don Allah Anti, mece ce fassarar wannan mafarkin?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa mai ceto ne, ya sanyaya miki zuciya ke da babansa.

Da maganar yarinyar zan fara, don ita ce ba za ta jira ba. Mafarkinki bai ce komai a kan ajalinta ba, kuma wanda ya gaya miki haka ya faɗi abin da bai sani ba. Ƙarshen Suratu Luƙman a fili yake: babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Mutum ya zauna gaban uwar da ta binne ɗa bara, ya dubi tsabar idonta ya ce saura ɗayan, wannan ba ilimi ba ne, rashin tausayi ne. An taɓa tambayar Imamu Malik ko kowa ma zai iya fassara mafarki, sai ya ce, da annabci ake wasa? Ya faɗi haka ne saboda hadisi ya kira mafarkin ƙwarai wani yanki na annabci. To abin da Malik ya ji nauyinsa haka, yau shi ne kowa ya buɗe ɗan littafi ko ya latsa waya sai ya yanke wa mutane hukunci da shi. Shi kansa littafin nan da ake jingina wa Muhammadu ɗan Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, masu bincike da yawa suna shakkar ko shi ya rubuta shi. Abin da aka san shi da shi kuwa, mutum biyu kan kawo masa mafarki iri ɗaya ya ba su amsa daban, don halin mai mafarkin yake dubawa kafin mafarkin. Wanda ya fassara miki naki ya tambaye ki yadda yaron ya rasu? Ya tambaye ki abin da kike kwana da shi a rai?

Ki tuna ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, bai kai shekara biyu ba. A ranar aka yi husufin rana, mutane suka ce ai don mutuwar Ibrahim ne. Uba ne mai ɗanyen rashi, idonsa bai bushe ba, amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bai yarda a ɗauko wani abu a liƙa wa mutuwar ɗansa a matsayin alama ba. Ke ma kada ki yarda.

Yanzu ga naki mafarkin. Hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da baƙanta rai daga Shaiɗan, da zancen da mutum ke yi da zuciyarsa ido biyu, sai ya gan shi a barci. Mutane sun fi son na farko, sun fi tsoron na biyu, na ukun kuma ba a cika kula shi ba, alhali shi ne ya fi yawa a barcin kowa. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma duk abin da ke cikin mafarkin na same shi a cikin labarin da kika ba ni na farke. Ba sai an je nesa ba.

Ɗauki neman da kike yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Colin Murray Parkes, ya daɗe yana bibiyar matan da mazajensu suka mutu a Landan, ya lura da abu guda da yake ta maimaituwa: wanda aka yi wa mutuwa nema yake yi. Ya san an binne, da shi aka yi komai, amma ido bai daina duba fuskoki a hanya ba, kunne bai daina jiran motsin ƙofa ba. Hankali ya karɓi labarin tun ranar farko, jiki ne bai karɓa ba tukuna. Shekara uku kina farkawa da motsinsa, kina sanin inda yake ko kin ba shi baya, in ɗaki ya yi shiru da yawa gabanki ya faɗi ki leƙa. Wannan sabon ba ya mutuwa ranar da yaro ya mutu. Da rana kina danne shi da aiki da mutane. Da dare babu mai danne shi, sai ya fita nema.

Ƙafar da ke ƙin gudu da muryar da ke maƙalewa kuwa, waɗannan ba naki ba ne ke kaɗai, kusan kowa ya san su, kuma dalilinsu a jiki yake. A 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano wani mataki na barci da ƙwayar ido ke ta kai-komo a ƙarƙashin fatarta, wanda in an tashi mutum a cikinsa yawanci zai ce mafarki yake yi. Matakin yakan zagayo kamar bayan kowane minti 90, kuma ya fi tsawo gab da asuba, shi ya sa mafarkin da ya fi tsaya wa mutum a rai yake zuwa a ƙarshen dare. A wannan matakin ƙwaƙwalwa takan saki jijiyoyin hannu da ƙafa su yi laƙwas, don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani. Rahama ce, in ba haka ba da mutane sun yi ta faɗowa daga gado. Masana da dama suna ganin nauyin ƙafar nan na cikin mafarki daga nan yake: kin ba ƙafa umarni, ƙafa a ɗaure take, sai mafarkin ya saka wannan a cikin labarinsa. A lokacin kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana kan aiki sosai, ɓangaren da ke auna abu ya ce wannan ba zai yiwu ba ya yi sanyi. Don haka kike yarda da komai har sai kin buɗe ido.

Bari in ba ki nawa, ko da yake bai kama ƙafar naki ba. Ina jegon ɗana na fari na sha farkawa tsakar dare ina birkice zanen gado, ina ɗaga matashi, zuciyata kamar za ta fito, wai jaririn ya shige cikin bargo ya ɓace. Sai numfashina ya dawo in waiwaya in gan shi a ɗan gadonsa, ya dunƙule hannu kusa da kunne yana barcinsa. Ban gaya wa kowa ba, na ɗauka wani abu ne ya taɓa ni. Sai daga baya na san cewa a 2007 wasu masu binciken barci a Kanada sun rubuta a kan wannan mafarkin takamaimai, don ya zama ruwan dare a wurin masu jego. Mafarkin ɓatan ɗa mafarkin iyaye ne, har waɗanda 'ya'yansu ke raye lafiya lau. Yaron nan nawa yanzu ya fi ni tsawo.

Fuskar yayarsa da kike gani ma ba ɓoyayyen abu ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Macen da ke kai yatsa hancin 'yarta ta ji numfashi, me kike zaton za ta gani in ta rufe ido? Tsoron ne ya riga mafarkin zuwa. Mutumin nan ya juya abin, ya ce miki mafarkin ne ya kawo abin tsoro, ke kuma kika ƙara tsorata, mafarkin ya ƙara samun abin ci.

Amma inda na fi daɗewa a wasiƙarki shi ne wurin hannun. Ba ki ce an fizge shi ba, ba ki ce ya ƙwace ya ruga ba. Cewa kika yi kin duba kin ga hannunki wayam, kamar ke ce kika yi sakaci na ɗan lokaci. Sai na koma sama na ga ɗan guntun zancen da kika wuce shi da sauri: na ce bari mu ga safiya. Ƙanwata, ina jin a wannan daren kike zaune har yau. Ina jin kin yi wa kanki shari'a kin yanke hukunci ba tare da kowa ya sani ba, kuma shi ya sa da 'yar uwarku ta ce fushi yake yi, maganar ta samu wurin zama. Da wata aka gaya wa, da ta yi tsaki ta wuce.

To ki saurare ni. Iyaye nawa ne a duniya suka taɓa jikin yaro da yamma suka ji zafi, suka ba shi magani suka ce a ga safiya, gari ya waye ya tashi yana wasa? Ke kanki sau nawa kika yi haka a shekara ukun nan, da shi da yayarsa, aka wanye lafiya? Matar da ta yanke shawara a daren nan ba ta san abin da kika sani yau ba. Kina tuhumarta da ilimin da ba ta da shi. Da-na-sani ƙeya ce, ba a taɓa ganinta a gaba. Manzon Allah (SAW) ya ce in abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne ya faru, ka ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, don kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Na san faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi. In tambayar ta ƙi barin ki, ki nemi likitan yara ki zauna da shi, ki ba shi labarin ciwon daga farko har ƙarshe, ki yi duk tambayar da kike jin tsoron yi. Amsar gaskiya, kowace iri ce, ta fi zargin da ba shi da iyaka sauƙin ɗauka.

Maganar fushi kuwa, yaron shekara uku da ko alƙalami bai hau kansa ba, wanda in kin tsawata masa kafin hawayen ya bushe ya dawo ya haye cinyarki, shi ne zai riƙe ki a zuciya daga lahira? In mafarki kike so ya gaya miki inda yake, akwai mafarkin da ya fi nawa da naki. A hadisin Samura ɗan Jundub da ke Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya ba sahabbai labarin wani dogon mafarki da ya yi. A ciki aka kai shi wani lambu kore shar, ga wani mutum dogo a tsakiya, kewaye da shi yara masu yawan da bai taɓa ganin irinsa ba. Aka ce masa mutumin Annabi Ibrahim ne, yaran kuma su ne duk waɗanda suka mutu a kan fiɗira. Mafarkin annabawa wahayi ne. Naki yana nuna miki shi a cikin taron baƙi ba mai riƙe da shi, wancan ya nuna shi a cikin taron yara da mai kula da su. Ɗanki bai ɓata ba, an san inda yake.

Kada kuma wani ya ce miki wata 14 ya isa a ce kin manta. Manzon Allah (SAW) ya rungumi Ibrahim yana fitar rai, hawaye na zuba, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. 'Ya'yansa bakwai, shida sun riga shi. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka gaji suka ce ba za ka daina ambaton Yusuf ba sai ka lalace, ya ce ni ga Allah kaɗai nake kai ƙarar damuwata da baƙin cikina. Kewa ba ta kore haƙuri.

Abin da za ki yi da daren kansa ba shi da yawa. Abu Salama ya ce yakan yi mafarkin da ke kwantar da shi ciwo, har ya haɗu da Abu Ƙatada, shi ma ya ce haka yake fama sai da ya ji abin da Manzon Allah (SAW) ya koyar: wanda ya ga abin da yake ƙi ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga sharrinsa da sharrin Shaiɗan, kada ya ba kowa labari, ba zai cutar da shi ba. Wasu ruwayoyin sun ƙara da ya juya kwanciya, ko ya tashi ya yi salla. Ki riƙe ƙarshen maganar da kyau: ba zai cutar da shi ba. Hanin ba da labari kuma, ke kin ga hikimarsa da idonki, mutum biyu kika gaya wa, kowanne ya ƙara miki kaya. A fahimtata wannan bai hana ki gaya wa likita ko mijinki ba, don ba fassara za ki nema a wurinsu ba, kuma wani hadisin ya yi izinin a gaya wa masani ko mai nasiha.

Zaman da kike yi har biyun dare ki daina shi, gudun mafarkin ne ke ƙara masa ƙarfi. In aka tauye wa jiki wancan matakin barcin, ranar da ya samu dama sai ya rama bashi, mafarkin ya zo da yawa kuma da kaifi. Haka ma wasu magungunan barci suke yi in an daina su farat ɗaya, don haka kada ki sha komai sai da likita.

Akwai kuma wata dabara da likitoci ke koya wa masu mugun mafarki mai maimaituwa, an gwada ta a Amurka a kan matan da suka ga tashin hankali, aka buga sakamakon a 2001, kuma ta rage musu yawan mafarkin. Da rana ake yi, ba lokacin kwanciya ba. Ki rubuta mafarkin, sannan ki sake masa zubi yadda kike so. Misali kin duba hannunki wayam, kin ɗaga kai, ga shi can cikin shuɗiyar rigar a tsakiyar yara, ya waiwayo da tasa fuskar, ya ɗaga miki hannu ya koma wasansa. Ko wani abin daban, ke kika san wanda zuciyarki za ta karɓa. Kullum ki zauna minti 10 zuwa 20 ki rufe ido ki bi sabon labarin daki-daki, har launin rigar da hayaniyar wurin. Kwanakin farko za ki yi kuka, ba laifi. Yawanci sai an yi makonni kafin a ga canji. In kin ji abin yana tayar miki da hankali fiye da kima, ki dakata ki yi shi tare da likita.

Likitan ma ina so ki gani ko da dabarar ta yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi mai tsanani da ya ƙi sassautawa, har ya hana mutum tafiyar da rayuwarsa, a cikin jerin larurorin da ake yi wa magani. Uwar da ba ta barci, ta tsare 'yarta a gida mako uku, tana ɓoye wa mijinta dalili, ta kai matsayin da za a taimaka mata. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. In kuwa ya taɓa ɗarsuwa a ranki cewa gara ki bi shi, ko kin ji rayuwar ta fita daga kanki, wannan ba a kwana da shi: ki gaya wa wani na kusa yau, a kai ki asibiti yau.

Babanta kuma ki gaya masa gaskiya a daren nan. Ki ce masa yarinyar lafiyarta ƙalau, ke ce ba ki da lafiya. Shi ma ɗa ya rasa, kuma ba mamaki yana kwance a gefenki da nasa daren da yake ta maimaitawa, yana ganin in ya yi magana zai tayar miki da miki. Na ga gidaje da yawa da mata da miji ke ɓoye wa juna ciwo ɗaya, kowa na tausayin kowa.

Gobe ki shirya ta ki kai ta makaranta da kanki. A bakin ƙofa za ki ji kamar kada ki saki hannunta. Ki sake shi, ki tsaya ki ga shigarta, in an tashi ki zo ki ɗauke ta. Ranar farko ce mai wuya. Shekararta shida, ta ga an fita da ƙaninta bai dawo ba, yanzu kuma an ce mata ba ta da lafiya alhali ba inda ke mata ciwo, ga uwarta tana taɓa mata hanci cikin dare. Yara suna haɗa lissafi fiye da yadda muke zato, kuma ba na so ta haɗa wanda mutumin nan ya haɗa miki. In kun dawo gida kun natsu, ki ambaci sunansa a gabanta, ki tambaye ta ko ita ma tana ganinsa a barci.